Gyambon da ya ƙi warkewa: gano hapis ta al'aura ga masu raunin garkuwar jiki

Akwai ciwon da mutum ke kai wa likita da bakinsa tun ranar da ya fara, akwai kuma wanda zai yi wata uku yana dakonsa ko matarsa ba ta sani ba. Miki a al'aura ko a bakin dubura yana cikin na biyun. Mai shi yakan fara da kemis ɗin unguwa, ya jira sai mutane sun ragu, sannan ya sassauta murya ya ce, "Malam, a ba ni maganin sanyi," ko kuma, "Basir ne ya tsattsage ni." Mai kemis bai ga wurin ba, bai kuma nemi gani ba. Zai ƙulla masa kafso da man shafawa, a rabu a haka. Idan mace ce, sau da yawa ma aike za ta yi, ko ta nemi haɗin masu maganin mata, a ce mata a masai ta ɗauka.

Idan abin da ke damun mutum cutar nan ce da likitoci ke rubuta sunanta herpes, wato hapis, kuma garkuwar jikinsa lafiya lau take, ƙurajen za su bushe da kansu cikin mako ɗaya zuwa uku, shi kuwa ya ɗauka kafson ne ya yi aiki. Ga wanda garkuwarsa ta yi rauni abin ba haka yake tafiya ba. Mikin ba ya bushewa, faɗi yake ƙarawa, kuma kamanninsa na sauyawa har ma'aikacin lafiya da ya saba ganin cutar ya iya kallonsa bai gane ta ba.

Ƙwayar bairos ce ke jawo ta, kuma iri biyu ce. Ta ɗaya, HSV-1, ita ce mai fito da ƙurajen nan a gefen leɓe bayan an yi zazzaɓi, amma tana iya sauka al'aura ta hanyar saduwa da baki. Ta biyu, HSV-2, ita aka fi sani da al'aura, ita kuma ta fi yawan dawowa. Ba cuta ce ta wasu tsiraru ba. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disambar 2024 ya nuna cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 846 masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da hapis ta al'aura, wato fiye da mutum ɗaya cikin biyar, kuma miliyan 520 daga cikinsu HSV-2 ce. Nahiyar Afirka ce kan gaba wajen yawaitar wannan nau'in. Akasarin masu ita ba su san suna da ita ba, domin ko dai ba ta taɓa fito musu ba, ko ta fito ɗan kaɗan sun ɗauka ƙurjin aski ne ko gogar wando.

Da zarar ta shiga jiki ba ta fita. Takan bi jijiya ta je ta kwanta a wani kulli na jijiyoyi da ke can ƙasan ƙashin baya, ta yi shiru. Abin da ke danne ta a can shi ne sojojin garkuwar jiki. Idan suka yi ƙasa, sai ta biyo jijiyar ta dawo fata, kuma babu mai tare ta.

Su wane ne masu raunin garkuwar? Mutane da dama da sun ji wannan magana hankalinsu kan tafi ga ƙanjamau kawai. Gaskiya ne su ne suka fi yawa a ƙasashenmu. Binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya ƙiyasta kimanin mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da HIV. Amma ko a cikinsu ba kowa ba ne. Wanda ke shan maganinsa kullum, ƙwayar ta kwanta, garkuwarsa ta farfaɗo, hapis ɗinsa ba za ta yi nisa da ta kowa ba. Matsalar tana ga wanda bai san yana da cutar ba, da wanda ya daina karɓar magani, musamman idan awon CD4 ɗinsa, wato ƙidayar sojojin garkuwa a jini, ya faɗi ƙasa da 200, balle ƙasa da 100. Bayan su akwai waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, waɗanda dole su sha maganin danne garkuwa har ƙarshen rayuwa don kada jiki ya ƙi ƙodar. Akwai masu sankara da ke karɓar ƙarin ruwan kashe daji, da masu sankarar jini, da waɗanda aka yi wa dashen ɓargo. Sai kuma wani rukuni da ba a cika lissafawa ba, alhali yana cikin gidajenmu: masu shan prednisolone ko dexamethasone na tsawon watanni. Wasu likita ne ya ɗora su a kai saboda ciwon gaɓoɓi ko na ƙoda. Wasu kuwa su suka ɗora wa kansu, don ciwon jiki ko don neman ƙiba da cikar fuska. Budurwar da ke haɗiyar irin waɗannan ƙwayoyi gabanin biki ba za ta taɓa kiran kanta mai raunin garkuwa ba, amma abin da maganin ke yi mata ke nan.

Hapis da aka saba gani tana da tsarinta. Wurin kan fara da ƙaiƙayi ko zafi-zafi, sai 'yan ƙananan ƙuraje masu ruwa su fito a cure wuri guda, su fashe su bar ƙananan miki marasa zurfi masu raɗaɗi, su yi ɓawo, su warke. A fitowar farko akan haɗa da zazzaɓi, ciwon jiki, kaluluwa, da zafin fitsari. Likitan da ya ga wannan tsari yakan gane ta tun kafin awo.

Ga mai raunin garkuwa, ƙurajen masu ruwa kan fashe da wuri har ba a ganinsu, ko ma kada su fito sam. Abin da ake tararwa shi ne gyambo guda mai faɗi, ja jawur, bakinsa a tattashe, wani lokaci da farin datti ko baƙin mataccen nama a tsakiya. Yana iya farawa a bakin dubura ya bi tsagin mazaunai ya haura, ko ya ci gefen gaba ya gangara matsematsi. Zafinsa kan hana zama. Za ka ga mutum yana zama a kan gefe guda, yana ƙin cin abinci don tsoron zuwa bayan gida. Wani lokaci kuma ba gyambo ba ne, tsaga ce doguwa siririya a cikin lanƙwasar fata kamar an ja reza, irin wadda ake ɗauka tsagewar basir ce ko cin ruwa. Idan ta shiga cikin dubura, mai ita zai riƙa jin bayan gida bai ƙare ba, da majina ko jini, alhali daga waje ba a ganin komai. Mafi ruɗarwa duka shi ne nau'in da ke tsirowa: nama ya taso ya yi tudu, ya yi kaushi, yana tsatsafo da ruwa, ya yi watanni yana girma. Da ido ba a raba shi da sankarar fata. An sha yanke irin wannan tsiro da zaton daji ne, sai da aka duba naman a ɗakin awo aka tarar hapis ce.

Gyambon nan da ke ƙin warkewa yana da tarihi. A Disambar 1981, lokacin da ko suna ba a raɗa wa ƙanjamau ba, likita Frederick Siegal da abokan aikinsa a birnin New York na Amurka suka wallafa bayanin wasu maza huɗu da suka zo da gyambon hapis a dubura wanda ya ƙi warkewa, aka auna aka ga garkuwarsu ta rushe. Rahoton yana cikin na farko-farko da suka fito da sabuwar annobar fili. Har yau, a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, mikin hapis da ya wuce wata guda bai warke ba a jikin mai HIV alama ce ta mataki na huɗu, wato cutar ta yi nisa. Wannan wata gudan shi ne abin da nake so mai karatu ya riƙe. Duk mikin gaba ko na dubura da ya cika wata yana nan, ya wuce hurumin kemis da mai ganye, kuma awon HIV ya zama dole ko da mutum yana ganin babu ta inda zai same ta. Ba ina nufin a zauna a jira watan ya cika ba. Wanda ya riga ya san garkuwarsa da rauni, ranar da ya ga mikin ita ce ranar zuwa asibiti.

Dalilin da ya sa ido kaɗai ba ya wadatarwa shi ne cututtukan da ke kama da ita suna da yawa, kuma maganinsu daban-daban ne. Tunjere na yin miki a gaba, galibi guda ɗaya mai tauri marar zafi, amma a jikin mai HIV yana iya zama da yawa har da zafi. Ƙyandar biri, wadda ta sake ɓulla a Najeriya a 2017 daga jihar Bayelsa, ta fito wa marasa lafiya da yawa a al'aura, kuma ga wanda garkuwarsa ta faɗi takan ci nama sosai. Akwai wata bairos mai suna CMV, akwai tarin fuka na fata, akwai sankara ta gaske. Har magani na iya jawo miki: Septrin, wanda ake ba masu HIV da yawa don kariya, yana sa wa wasu mutane tabo ko saɓewar fata a kan kaciya, a wuri guda, duk lokacin da suka sha. Kuma babu abin da ya hana biyu su haɗu a miki ɗaya. Samun hapis bai kore tunjere ba.

To yaya ake tabbatarwa? Awon da ya fi kowane inganci shi ne a ɗebo daga mikin kansa. Ma'aikacin lafiya zai ɗauki ɗan tsinke mai auduga a kai ya goga a ƙasan mikin da ɗan ƙarfi. Idan akwai ƙurji mai ruwa, sai ya fasa shi ya dangwali ruwan da gindinsa. Akwai zafi, amma na 'yan daƙiƙu ne, kuma idan aka yi shafa sama-sama don tausayi, sakamakon na iya fitowa babu komai alhali akwai. Tsinken ake sakawa a kwalba a kai ɗakin awo a yi masa gwajin PCR, wanda ke neman ƙwayar halittar bairos ɗin kai tsaye, ya kuma faɗi ko HSV-1 ce ko HSV-2. Sanin nau'in na da amfani, domin ta biyun ta fi yawan dawowa, kuma da shi likita zai tsara abin da zai biyo baya. Ga mai lafiya, lokaci na da muhimmanci: da mikin ya fara bushewa, samun ƙwayar na wuya. Ga mai raunin garkuwa kuwa gyambon kan daɗe yana zubar da ƙwayar, don haka ko ya yi makonni kada a ce lokacin awo ya wuce. Idan sakamako ya ce babu, amma mikin na nan, a maimaita.

Akwai tsohuwar hanya ta rainon ƙwayar a ɗakin awo har ta hayayyafa. Ba ta kai PCR kamawa ba, tana kuma ɗaukar kwanaki, amma ita ake bukata idan ana son a gwada ko ƙwayar ta daina jin magani. Akwai kuma gwajin Tzanck, inda ake kankaro ƙasan miki a shafa a gilashi a duba da madubin likita. Yana da araha da sauri, sai dai yana kuskure da yawa, ba ya kuma raba hapis da 'yar'uwarta mai jawo farankama. Idan shi kaɗai ake da shi, "an gani" na iya taimakawa, amma "ba a gani ba" ba hujja ba ce.

Inda aka fi cutar mutane shi ne awon jini. Mutum zai shiga ɗakin awo mai zaman kansa ya ce a yi masa gwajin cututtukan sanyi gaba ɗaya, a ba shi takarda mai layi-layi, ya ga an rubuta akwai a gaban HSV, hankalinsa ya tashi. Ya kamata a san abin da wannan awo ke faɗa da abin da ba ya faɗa. Ba ƙwayar yake nema ba, martanin da jiki ya yi mata yake nema. Idan martanin da ake kira IgG na HSV-2 ya nuna akwai, ma'anarsa mutum ya taɓa kamuwa a wani lokaci a rayuwarsa. Bai ce wannan mikin na yau ita ta jawo shi ba. Idan na HSV-1 ne, to yawancin mutane suna da shi tun suna yara ta hanyar baki, bai nuna komai game da al'aura ba. Martanin kan ɗauki makonni kafin ya bayyana, shi ya sa ake cewa a maimaita bayan mako 12 idan kamuwar sabuwa ce, kuma a jikin da garkuwarsa ta durƙushe yana iya jinkiri fiye da haka ko ya ƙi fitowa sosai. Ta ɗaya ɓangaren, wasu na'urorin gwajin kan ce akwai alhali babu, musamman idan lambar ta fito ƙasa-ƙasa, kuma an lura wannan kuskure ya fi yawa a samfuran jinin da aka gwada a Afirka. Shi kuwa ɗaya martanin, IgM, wanda wasu ke sayarwa da sunan mai nuna sabuwar kamuwa, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kada a yi amfani da shi ga hapis sam: ba ya raba nau'o'in biyu, yana kuma iya tashi a tsohuwar cuta. A ganina kuɗin da ake kashewa a kansa asara ce. Mai miki a jiki, tsinken auduga yake bukata kafin sirinji.

Jinin da ya wajaba a ɗiba shi ne na HIV da na tunjere. Wanda aka riga aka san yana da HIV, a duba CD4 da yawan ƙwayar a jininsa, domin gyambon na iya zama shaidar cewa maganin ya daina aiki ko ba a shan sa yadda ya kamata. Idan kuma tsiro ne, ko gyambon da ya ƙi jin magani, sai an yanki ɗan nama kaɗan, bayan allurar kashe zafi, an kai an duba. Mutane na tsoron wannan, suna cewa taɓa daji da ƙarfe na sa shi yaɗuwa. Ba haka ba ne, kuma shi kaɗai ne zai raba tsakanin abin da ƙwayoyi za su warkar da abin da ke bukatar tiyata.

Sai dai mu faɗi gaskiya, PCR na hapis ba a kowane asibiti ake samunsa ba. A manyan asibitocin koyarwa da wasu ɗakunan awo na kuɗi ne ake dacewa, kuma ba araha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta san da haka, shi ya sa a ƙa'idojinta na 2021 ta ce inda babu awo, mai miki a al'aura a ba shi maganin hapis da na tunjere tare a ranar da ya zo, maimakon a sallame shi hannu rabbana. Don haka rashin na'ura a asibitin garinku ba dalilin zama a gida ba ne. Abin da ake bukata shi ne wanda ya san aikin ya ga wurin da idonsa, ya ji tarihin, ya ba da magani daidai, ya sa ranar dawowa. Dawowar nan rabin binciken ce. Maganin hapis, aciclovir ko valaciclovir, idan ya dace, zafi kan ragu cikin 'yan kwanaki, bakin mikin ya fara haɗewa. Mai raunin garkuwa yakan bukaci ya fi kowa daɗewa a kan maganin, har sai wurin ya rufe, wani ma sai an kwantar da shi an ba shi ta jijiya. Mai ciwon ƙoda kuwa dole a daidaita masa adadin, kada ya saya da kansa.

Idan an yi kwana 7 zuwa 10 ana shan magani yadda aka ce, mikin bai ko motsa ba, to ɗayan uku ne: ko ba hapis ba ce, ko akwai wata cuta tare da ita, ko ƙwayar ta bijire. Aciclovir ba ya aiki sai ƙwayar da kanta ta kunna shi da wani sinadarinta; wadda ta rasa wannan sinadari, maganin wucewa kawai yake yi. A masu cikakkiyar lafiya wannan bai kai 1 cikin 100 ba, a masu HIV an samu kusan 5 cikin 100, a waɗanda aka yi wa dashen ɓargo ya fi haka. Sauya zuwa valaciclovir ba ya warware ta, domin hanyarsu ɗaya. Akwai wasu magunguna irin su foscarnet, amma na asibiti ne, ta jijiya ake ba da su ana lura da ƙoda.

Wani abu da ke sa mutane jefar da maganin HIV shi ne, a watanni shida na farko bayan an fara shi, hapis na iya tashi fiye da da. Sai mutum ya ce, "Likita, tunda na fara ƙwayar nan abin ya ƙaru." Garkuwar ce ta farka ta tarar da abokin gaba, faɗan ya fito fili. Ba alamar maganin bai karɓe shi ba ce, kuma dainawa ita ce babbar ɓarna. A irin wannan hali likita kan haɗa wa mutum aciclovir na kullum na wani lokaci.

Akwai alamun da ba a kwana da su a gida. Fitsari ya ƙi fita. Ƙuraje su bazu a jiki tare da zazzaɓi mai zafi. Ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya ko ruɗewa. Ido ya yi ja yana zafi, ko ya yi rawaya. Haɗiya ta gagara saboda zafi a ƙirji. Waɗannan na iya nuna ƙwayar ta bar fata ta shiga hanta, ko maƙoshi, ko ƙwaƙwalwa.

Ranar zuwa asibiti, kada a shafa komai a wurin. Man shafawa mai haɗi uku da ake saya don ƙaiƙayi yawanci yana ɗauke da sinadarin danne garkuwar fata, yana ƙara wa hapis ƙarfi, yana kuma ɓata kamanninta. Haka toka, da kanwa, da man goge baki, da ruwan batir da wasu ke ɗigawa don a "ƙone" ciwon. Ruwan ɗumi da ɗan gishiri ya isa wanki. A tafi da duk ƙwayoyin da ake sha a leda, har da na ƙiba da na gargajiya, a zube wa likita a tebur. Mace na da damar cewa, "Sista, ina son mace ta duba ni," kuma a yi mata hakan inda akwai hali. Abin da bai kamata ba shi ne a kwatanta da baki a hana gani. Idan ana tsoron kafin ranar ganin likita wurin ya sauya, hoto a waya na taimakawa, a goge bayan an nuna.

Sakamako idan ya fito, gida yake shiga, kuma a nan ake yin ɓarnar da ta fi ta cutar. Babu awon da ke faɗin ranar da mutum ya kamu ko daga wa ya ɗauka. Ƙwayar na iya kwanciya shekara goma ko fiye ba ta motsa ba, sai ranar da garkuwa ta faɗi. Matar da hapis ta fito mata bayan dashen ƙoda ko a tsakiyar jinyar sankara, mai yiwuwa tun auren fari take ɗauke da ita, ko daga mijin nan nata da bai taɓa ganin ƙurji a jikinsa ba, domin ana yaɗa ta ko babu miki. Saki ko zargi a kan takardar awo zalunci ne da ilimin likita bai goyi bayansa ba. Abin da ya dace shi ne miji da mata, da sauran matan gidan idan akwai, su je a duba su, a yi musu awon HIV da tunjere, domin mai HSV-2 ya fi wanda ba shi da ita haɗarin kamuwa da HIV kusan ninki uku. A ƙaurace wa shimfiɗa muddin akwai miki. Kwaroron roba da shan magani kullum suna rage yaɗuwa, ko da yake ba sa kawar da ita ɗungurungum. Mai juna biyu kuwa ta faɗa wa masu awon ciki tun da wuri. Haɗari ga jariri ya fi girma idan uwa ta kamu a karon farko a watannin ƙarshe, kuma akan fara ba ta aciclovir daga mako na 36, idan kuma naƙuda ta zo da miki a gaba, a ciro ɗan ta tiyata.